Abin da ya kayar da Yaya a gangaren Beartooth

Mutane sun dame ni da tambaya wai ya aka yi Yaya ya faɗi da mashin a Montana, mutumin da ya yi acaba shekara shida a Kano kafin a hana ta a 2013, yanzu kuma tirela yake ja daga wannan jiha zuwa waccan a Amurka, wato dai titi gidansa ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a waya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, da inda nake ganin an yi kuskure, har da nawa kason don ni ma ban fita ba. Shi Yaya har yau cewa yake tsakuwa ce ta kayar da shi. Ni kuma na ce tsakuwa ƙarasawa kawai ta yi, faɗuwar tun jiyanta da safe aka fara ta, a ƙofar gidan waya na garin Sturgis.

Yaya ɗan wan babana ne, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na fara taka ƙasar nan, a ɗakinsa na kwana wata takwas kafin in samu nawa. Ku riƙe wannan don zai dawo a gaba. Mashin ɗinsa irin manyan nan ne na doguwar tafiya masu akwatuna gefe da gefe da gilashi a gaba, idan aka yi masa lodi ya hau kai ya kusa kilo 400 ban da shi kansa, nawa kuma ƙarami ne mai inji 650, ba shi da wani kwarjini amma ba ya ba ni wahala a kwana.

Shirin mai sauƙi ne a takarda. Watan Agusta, mu tashi daga Minneapolis mu gangara mu kama babbar hanya I-90 mu ratsa Dakota ta Kudu daga gabas zuwa yamma, mu leƙa taron 'yan mashin na Sturgis, mu shiga Wyoming mu haye duwatsun Bighorn, mu kwana a Cody, washegari mu hau Beartooth mu sauka Red Lodge a Montana. Beartooth ɗin shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya. Hanya ce ta kusan kilomita 110, lamba 212, an buɗe ta a 1936, ƙololuwarta mita 3,337 sama da teku, kuma ba ta buɗewa sai ƙarshen Mayu, tsakiyar Oktoba a sake rufewa saboda dusar ƙanƙara. Duk wanda ke hawa mashin a ƙasar nan yana da burin ya ce ya taɓa hawanta.

Kowa idan za a yi irin wannan tafiyar dutsen yake tsoro, ba wanda ke lissafa filin. To filin ne ya fara cin mu. Daga Sioux Falls zuwa Rapid City sama da kilomita 550 ne, gonakin masara da waken suya har ka tsallake kogin Missouri a Chamberlain, daga nan kuma sai ciyawa kawai, fili fetal iya ganinka, ba bishiya ba inuwa, sama ta yi maka rumfa ta ko'ina har ka ji kamar ba tafiya kake ba. Yana da kyau wallahi, musamman da yamma idan rana ta kwanta ciyawar ta koma ruwan zinare iska tana kaɗa ta kamar ruwa. Amma iskar nan ita ce matsalar, daga gefe take bugowa ba hutu, sai ka yi awa uku mashin a karkace kana danne shi da kafaɗa, dokar gudu kuma mil 80 ce wato kusan kilomita 130 a awa, tirela ta wuce ka ta tare maka iskar na daƙiƙa biyu ta sake ka kamar an hankaɗa ka. Da dare wuyana ko juyawa ba ya yi.

Ga zafi. A Badlands agogon mashin ɗina ya nuna digiri 38, ƙasar wajen kamar an ƙona ta an sassaƙa, tsaunuka masu layi-layi ja da toka da ruwan ƙasa. Iska busasshiya ce irin ta watan Maris a gida, gumi na fita yana bushewa nan take ba ka ma san kana yi ba. Ni ina tsayawa duk gidan mai in shanye gora guda. Yaya kuma yana da ɗabi'ar direbobin tirela, ba ya son shan ruwa da yawa don kar fitsari ya riƙa tsayar da shi, kofi kawai, sai dambun naman da matarsa ta yi mana guzuri wanda shi ma ƙishi yake ƙarawa. Na yi masa magana sau ɗaya ya ce "kai dai sha naka, ni na saba."

Rana ta uku muka yi ta a duwatsun Black Hills, kuma da a nan tafiyar ta ƙare ma da ta biya kuɗinta. Akwai wata hanya Iron Mountain Road, kilomita 27 kacal amma kwana 314 ne a cikinta, da gadoji na katako da hanya ke naɗewa ta bi ta ƙarƙashin kanta, da ramuka uku da aka fasa cikin dutse ta yadda idan ka shiga za ka hango fuskokin shugabannin Amurka huɗu da aka sassaƙa a dutsen Rushmore a tsakiyar bakin ramin. A gandun Custer garken ɓaunar Amurka ya tare mana hanya kusan minti ashirin, muka kashe inji muka yi tsit a bayan wata mota, don a Agustan 2020 a wannan gandun wata mata da ta zo a mashin ta sauka ta matsa kusa da ɗan maraƙi, uwar ta soke ƙaho a bel ɗinta ta yi ta wujijjiga ta sai da wandon ya cire, Allah ya yi da sauran kwana. Ba zan wuce ban faɗa ba, duwatsun nan na ƙabilar Lakota ne, 'yan asalin yankin, bisa yarjejeniyar da suka yi da gwamnatin Amurka a 1868, da aka ga zinare a 1874 aka ƙwace su, a 1980 kotun ƙoli ta ce a biya su diyya sama da dala miliyan 100 suka ce ba sa so, ƙasarsu suke so, kuɗin na nan ajiye har yau ba su taɓa ba. Yawancin masu wucewa a mashin ba su ma san da zancen ba.

Sturgis kuma gari ne na mutum kusan 7,000, amma tun 1938 ake taron mashin a cikinsa duk farkon Agusta, a 2015 da aka yi na 75 mutane sun haura 700,000. Mashinan Harley-Davidson ta ko'ina, ƙarar salansa har cikin haƙoranka, ba wajen zamanmu ba ne sosai don rabin harkar giya ce, awa uku muka yi muka fice. Amma a awa ukun nan Yaya ya yi tsaraba kamar wanda zai koma gida daga Makka, riguna na yara huɗu, na matarsa, na maƙwabta, huluna, har da wani bargo. Da muka koma masauki akwatunan mashin suka ƙi rufuwa.

Nan ne aka yi kuskure na farko. Ya zazzage kaya a kan gado ya ware rigar ruwansa, da shafin ciki na jaket mai ɗumi, da safar hannu mai kauri, ya ce waɗannan tun Minneapolis ba su yi masa aikin komai ba sai cin waje, gobe zai aika su gida ta gidan waya. Na ce "Yaya, ai da tsarabar aka aika." Ya ce tsaraba idan ta ɓata a hanya me zai ce wa yara, tsohuwar rigar ruwa kuwa ko ta ɓata ba asara. Kuma ka ga mutumin da ya kwana biyu yana gasuwa a digiri 38, ka ce masa gobe-jibi zai nemi safar sanyi, ko kai ne sai ka ji abin kamar tatsuniya. Na yi shiru.

Aika kayan ya jawo kuskure na biyu, don sai da muka jira aka buɗe gidan waya, ga layi na 'yan taro masu aika nasu kayan, ba mu bar Sturgis ba sai wajen sha ɗaya, alhali tafiyar ranar ta fi kilomita 500 kuma akwai dutse a ciki. Tsakanin Gillette da Buffalo sama da kilomita 100 ne kusan ba komai, iska da rana kawai. Muka hau Bighorn ta garin Dayton da la'asar sakaliya, muka gangara ta hanya mai lamba 14A inda alluna ke gargaɗin gangarar kashi 10 cikin 100, ana ta magariba, idona na kan gefen titi saboda barewa. Mun shiga Cody wajen goma na dare, garin kuma ƙofar gandun Yellowstone ce ta gabas, a watan Agusta ɗaki wuya yake, sai da muka zaga otal huɗu. Bayan asuba muka ce bari mu ɗan ƙara runtsawa, ba mu farka ba sai sha ɗaya saura.

Da wanka da neman abin da za mu iya ci da shan mai da haɗa azahar da la'asar, biyu ta yi kafin mu bar Cody. Yaya ya ce ai yau hutu ne, kilomita 180 kawai. A lissafin fili gaskiyarsa ne, awa biyu ne. A lissafin dutse ba haka ba ne, kuma abin da ba mu ɗauka da muhimmanci ba shi ne a duwatsun nan lokacin zafi hadari yana da agogo. Rana na dumama jikin dutse tun safe, iska mai ɗumi ta yi ta hawa, kafin azahar gajimare ya fara taruwa, da la'asar ya sauke. Shi ya sa 'yan wajen ke hawa da sassafe su sauko kafin rana ta karkata. Mu kuma lokacin da suke saukowa muke shirin hawa.

Daga Cody muka bi hanyar da aka sa wa sunan Chief Joseph, shugaban ƙabilar Nez Perce da suka ratsa wannan yankin a 1877 sojojin Amurka na bin su, da mata da yara da dawakai, suna neman tsallakawa Kanada, aka tare su saura kamar kilomita 65. A saman hawan farko akwai wajen tsayawa da ake hango kwari da duwatsu ta yamma, muka tsaya ɗaukar hoto. A nan na ga hadarin, baƙi ƙirin a kan duwatsun yamma, ƙasansa kamar an ja zare-zare. Wani dattijo ya tsaya kusa da mu a mashin, daga sama yake, rigar ruwansa na ɗiga, ya kalli jaket ɗin Yaya mai raga-raga na zafi ya ce shi dai da shi ne da ya bari sai gobe.

Da ya tafi na ce "Yaya, ko mu koma Cody mu kwana, gobe da asuba mu hau?" Ya kalli sama irin kallon manomi ya ce "haba ƙanena, hadarin yamma ne fa, ya riga ya wuce mu. Wanda ake tsoro na gabas ne." Kuma wallahi a Kano gaskiya ya faɗa, duk wanda ya tashi a gida ya san ruwa daga gabas yake tasowa, idan ka ga baƙi a yamma na wasu ne. Amma a nan abin a juye yake, yawancin hadari daga yamma yake zuwa ya yi gabas, wato wanda muke kallo ba wucewa ya yi ba, tahowa yake. Na san haka. Na sha gani a taswirar yanayi a waya. Amma in tsaya a gefen titi in ce wa Yaya bai iya karanta sama ba, bakina ya ƙi. Na ce to Allah ya tsare, muka hau.

Ba zan yi ƙarya ba, awa ɗayan da ta biyo baya ban taɓa ganin irinta ba. Bayan mun kama 212 muka yi dama hanya ta fara hawa cikin itatuwa masu tsini, tafkuna shuɗaye a gefe ruwansu kamar gilashi, muka wuce wani ɗan shago da ke sayar da mai da kayan shayi wanda da mun tsaya a cikinsa da labarin nan bai samu ba. Can sama itatuwan suka fara gajarta suna karkacewa har suka ƙare gaba ɗaya, sai wani fili shimfiɗe a saman duniya, gajeriyar ciyawa da ƙananan furanni da duwatsu, ga ƙanƙara fara kwance a kwaruruka a tsakiyar watan Agusta, ga dogayen sanduna a jere a bakin titi waɗanda masu share dusa ke bi su gane inda kwalta take. Mashin ɗina ya fara kasala, in murɗa totur ya amsa a makare, don a wannan tsayin iskar da inji da mutum ke shaƙa kamar kashi biyu cikin uku ce ta wadda ake samu a bakin teku. Ni ma na ji kaina ya yi wani fayau.

Lissafin sanyin kuma ba ɓoyayye ba ne. Duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kamar digiri 6 da rabi, Cody tana wajen mita 1,500, ƙololuwa 3,337, wato tun kafin hadari ka riga ka yi asarar digiri 12. Da hadarin ya iso agogona ya faɗo zuwa 4. Ruwa ya fara, sai ya koma ƙanƙara ƙanana kamar ƙwayar gero tana dukan hular kwano, ga tsawa, kuma ba inda za ka fake don kai ne abu mafi tsayi a filin. Digiri 4 idan kana gudun kilomita 60 jiki na jin sa kamar 3 ƙasa da sifili, wannan ma idan a bushe kake. Ni na tsaya na zura rigar ruwa. Yaya jaket ɗin raga ne a jikinsa da singileti da safar hannu mai yankakkun yatsu.

A ƙololuwa muka tsaya, kuma a nan na ga abin da ya kamata ya sa in zare makullin mashin ɗinsa in sa a aljihu. Ya kai hannu zai kwance igiyar hular kwano ya kasa, yatsun sun ƙi lanƙwasa, ya yi ta lalube kamar mai neman abu a duhu. Jikinsa na karkarwa har mashin na motsi. Na ce ya karɓi rigata, ya ce "bar kayanka", amma maganar ta fito a tauna kamar wanda ya tashi daga barci. Na ce mu roƙi masu mota mu zauna a ciki mu ji ɗumi, ya ce shi bai zo Amurka roƙo ba, gangara ce kawai ta rage, ƙasa akwai ɗumi. Daga baya likitar da ta duba shi ta yi mana bayani cewa idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, hannu ne ke fara tafiya, sai harshe, sai tunani, mutum ya kafe a kan abu yana ganin daidai yake. Wato wanda nake jira ya yanke mana shawara a lokacin ba shi da kan yanke ta, ni kuma ina tsaye ina ba shi girmansa.

Gangaren ɓangaren Montana kwanoni ne masu naɗewa kamar maciji a jikin bangon kwari, ka leƙa ka hango titin da za ka bi can ƙasa hawa-hawa. Ina bayansa ina kallon fitilar birkinsa tana kamawa tana saki ba tsari. A wata kwana mai tsanani ta hagu ruwa ya wanko tsakuwa ya baza a kan kwalta, gudunmu bai fi na keke ba, ya shiga kwanar ya ga ya yi faɗi zai nufi ƙarfen gefe, sai ya damƙi birkin gaba. Mutumin da ya shekara shida yana ratsa yashin lungunan Kano ya fi kowa sanin ba a damƙar birkin gaba a kan tsakuwa mashin na kwance, ana lallaɓa shi ne da yatsa biyu a taka na baya. Amma hannun da ba ya ji ba ya lallaɓawa, ko dai bai kama ba ko ya kama duka. Tayar gaba ta zame, kilo 400 ya kwanta, ya kai hannun hagu ya tare ƙasa. Na ji ƙarar ƙarfe a kan kwalta, mashin ya ja jiki ya tsaya a jikin shingen.

Waya ba sabis ko ɗigo. Allah ya kawo wasu tsofaffi mata da miji a irin motar nan mai ɗaki a ciki, mu uku muka ɗaga mashin, matar kuwa ba ta tsaya tambayar ra'ayin Yaya ba, ta tura shi ciki ta ce ya cire duk jiƙaƙƙen kaya, ta naɗe shi da bargo biyu ta kunna hita ta haɗa masa shayi mai sukari da yawa. Na kama hannunsa zan murza ta ce kar in yi, ƙirji da ciki ake fara ɗumamawa. Abin da na kasa yi a awa uku ta yi shi a minti biyu, don ita ba ƙanwarsa ba ce. Bargon tsaraba ma yana cikin akwatin mashin duk wannan lokacin, ba wanda ya tuna da shi a cikinmu.

Sakamako: tsagewar ƙashi a wuyan hannu, filasta sati shida ba aiki, hannun kuloci ya karye, akwatin hagu ya fashe, kuɗin janwe daga kan dutse zuwa Red Lodge ya fi duk man da mu biyu muka sha tun daga gida. Shi ya hau jirgi daga Billings, ni na koro nawa ni kaɗai sama da kilomita 1,300 ta Dakota ta Arewa, kwana biyu ina wannan lissafin da nake rubutawa yanzu.

Idan na jera abubuwan ina auna su, tsakuwar ce mafi ƙaranci, don ni ma ta kanta na bi ban faɗi ba. Rashin shan ruwa da gajiyar kwana huɗu a iska sun taimaka, jikin da ya bushe ya gaji ba ya riƙe ɗumi. Tashin ƙarfe biyu ya fi su nauyi, da bakwai na safe muka bar Cody da jaket ɗin ragar ma ya isa ya kai shi da ɗan karkarwa. Aika kayan sanyi ya fi wannan. Amma ko da duk waɗannan an samu wuri biyu da za a iya tsayar da abin, wajen hoto da kuma ƙololuwa, kuma duka biyun ni ne mai cikakken hankali da cikakken bayani a wajen. Na faɗa wa Yaya haka da na je duba shi, ya ce in daina ɗora wa kaina, ƙaddara ce, kuma ko na zare makullin da sai ya karɓe abinsa. Wataƙila. Mun dai yi yarjejeniya idan za mu sake fita, a kan dutse maganar wanda ya ce a tsaya ita ce magana ko shi ne ƙarami, ya amince amma ya ce kar in kuskura in faɗa a gaban yara.

Kwalin gidan waya kuwa ya riga shi isa gida da kwana ɗaya. Matarsa ta buɗe tana zaton tsaraba ce ta ga rigar ruwa da safar hannu a ninke tsaf, ta kira ni ina wani gidan mai a Bismarck ta ce "wai ni kam, shi da ya aiko waɗannan, me ya saka a can?"